Viktor Ahn: gwanin tseren ƙanƙara da ya ci wa Koriya zinare uku, ya ci wa Rasha uku

Viktor Ahn, wanda iyayensa suka raɗa wa suna Ahn Hyun-soo, tsohon ɗan tseren zamiya a kan ƙanƙara ne da aka haifa a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ranar 23 ga watan Nuwamba na 1985. Ya ci lambobin zinare shida da na tagulla biyu a wasannin Olampik na lokacin hunturu, kuma sau shida yana zama zakaran duniya. A fannin da ya yi fice, wato tseren gajeren zagaye, babu namiji ko mace da ya kai shi yawan zinaren Olampik. Rabin lambobin nan ya ci su ne a 2006 da sunan Koriya ta Kudu, sauran rabin kuma a 2014 da sunan Rasha, bayan ya sauya ƙasa ya sauya suna. Wannan sauyi shi ne ya sa har yau Koriyawa ba su daidaita a kansa ba: wasu na ganin zakara ne da hukumar wasanni ta yi wa riƙon sakainar kashi, wasu na ganin mutum ne da ya juya wa ƙasarsa baya.

Wane irin wasa ne wannan?

Kafin a fahimci tarihin Ahn, sai an fahimci wasan. Tseren zamiya a kan ƙanƙara iri biyu ne. Akwai na dogon zagaye, inda fili ke da tsawon mita 400, mutum biyu-biyu ke gudu kowa a layinsa, agogo ne kuma alƙali. Akwai na gajeren zagaye, wanda ake kira patinage de vitesse sur piste courte da Faransanci. A nan zagaye ɗaya mita 111.12 ne kacal, a cikin ɗakin wasa mai daskararriyar ƙanƙara mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. Mutum huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, ke tashi tare a layi guda, kuma wanda ya riga kai bakin takalminsa kan layin ƙarshe shi ya ci, ko da minti nawa ya yi.

Takalmin yana da siririn ƙarfe mai kaifi a ƙasansa, kamar doguwar wuƙa. Ana gudu ne zuwa hagu kullum, saboda haka ake ɗan karkata ƙarfen zuwa hagu, ɗan wasa kuma yakan kwanta sosai a kwana har ya dafa ƙanƙara da hannunsa na hagu. Gudun kan kai kusan kilomita 50 a awa. Maza na fafatawa a mita 500, wato zagaye huɗu da rabi, da mita 1000, zagaye tara, da mita 1500, zagaye goma sha uku da rabi, sai kuma tseren karɓa-karɓa na mita 5000, zagaye 45, inda mutum huɗu ke karɓar juna. Ba a miƙa sanda, wanda ya gama rabonsa tura abokinsa yake yi ta baya da hannu biyu.

A irin wannan matsatsi ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Sai ya san lokacin da zai laɓe a bayan abokin hamayya don ya kare masa iska, da lokacin da zai kutsa ta ciki ko ya kewaya ta waje. Wanda ya ture wani ko ya tare masa hanya, alƙalai za su soke shi ko da shi ya zo na ɗaya. Wani abu kuma da zai yi amfani a gaba: idan ƴan ƙasa ɗaya biyu ko uku suka haɗu a tsere guda, suna iya taimakon juna, ɗaya ya tsare hanya ɗaya ya wuce. Haka kuma suna iya ƙin taimakon juna.

Wasan ya zama cikakken ɓangare na Olampik a 1992, a Albertville ta ƙasar Faransa. A can ne Kim Ki-hoon ya ci wa Koriya ta Kudu zinarenta na farko a tarihin wasannin hunturu. Tun daga nan ƙasar ta mayar da shi tamkar gadon gida. Zuwa ƙarshen wasannin 2022, daga cikin zinare 33 da ta ci a Olampik na hunturu, 26 daga wannan fanni suka fito.

Yaron Seoul da karon Salt Lake City

Ahn ya fara hawa ƙanƙara a 1993, yana ajin farko na firamare. Shekara guda bayan haka ya kalli wasannin Lillehammer a telebijin, inda ɗan ƙasarsu Chae Ji-hoon ya ci zinare a mita 500. Ya taso ƙaramin jiki, ba dogo ba, amma masu horarwa sun lura da wuri cewa yana riƙe gudunsa a cikin kwana, wurin da yawancin ƴan wasa ke rage sauri. A farkon 2002 ya zama zakaran duniya na matasa, aka kuma sa shi cikin tawagar da za ta je Olampik a Salt Lake City ta Amurka. Shekarunsa 16.

Ya kai tseren ƙarshe na mita 1000, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsere mafi shahara a tarihin wasan, ba don ƙwarewar kowa ba. Mutum biyar ne: Ahn, da Apolo Anton Ohno na Amurka, da Li Jiajun na ƙasar Sin, da Mathieu Turcotte na Kanada, sai Steven Bradbury na Ostiraliya, wanda ke can baya nesa da su, ba shi da alamar kamo kowa. A kwanar ƙarshe, saura ƴan mitoci a gama, huɗun da ke gaba suka sarƙe suka zube gaba ɗaya. Bradbury ya bi ta gefensu a tsaye ya tsallake layi, ya ba Ostiraliya zinarenta na farko a wasannin hunturu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ohno da Turcotte suka ja jiki suka kai takalmansu kan layi, suka samu azurfa da tagulla. Ahn ya tashi da matsayi na huɗu, hannu wofi.

A wasannin nan ne kuma alƙalai suka soke Kim Dong-sung na Koriya bayan ya zo na ɗaya a mita 1500, suka ba Ohno zinaren. Masu bin ƙwallon ƙafa za su iya tuna yadda abin ya ci wa Koriyawa rai: bayan wata huɗu, a gasar cin kofin duniya ta 2002, da Ahn Jung-hwan ya farke wa Koriya ƙwallo a ragar Amurka, sai ya yi murna da kwaikwayon mai zamiya a kan ƙanƙara. Wannan wani Ahn ne daban, sunan dangi ne kawai ya zo ɗaya.

Shekaru biyar a kan karaga

Daga 2003 zuwa 2007 babu wanda ya karɓe kambun duniya daga hannunsa. Ya ci a Warsaw, ya ci a Gothenburg, ya ci a Beijing, da Minneapolis, da Milan, sau biyar a jere. Salonsa sananne ne, amma sanin bai hana shi cin mutane ba. Yakan zauna a baya kamar ba ruwansa da tseren, sai saura zagaye biyu ko uku ya buɗe wuta, ya bi ta waje inda hanya ta fi tsawo, ko ya shige ta wata ƴar kafa da ba wanda ya zaci mutum zai iya bi.

Ƙololuwar wannan zamani ita ce Olampik ta Turin a Italiya, a watan Fabrairu na 2006. Ya ci zinare a mita 1500 da mita 1000, ɗan ƙasarsu Lee Ho-suk na biye da shi a duka biyun. A mita 500, inda bai cika ƙarfi ba saboda ba ya tashi da sauri, ya samu tagulla, Ohno ya ɗauki zinare. A karɓa-karɓa kuwa shi ne ya ɗauki rabon ƙarshe, ya wuce ɗan Kanada ana dab da gamawa. Ya ci lamba a kowane tsere huɗu da maza ke yi. Shi da Jin Sun-yu, wadda ita ma ta ci zinare uku a ɓangaren mata, su ne Koriyawa na farko da suka ci zinare uku a Olampik guda.

Gida biyu a tawaga ɗaya

Abin da masu kallo a waje ba su sani ba shi ne, tawagar da ta yi wannan bajinta a rabe take. Masu horarwa da ƴan wasa sun kasu gida biyu: waɗanda suka fito daga Jami'ar Wasanni ta Ƙasa da ke Seoul, da waɗanda suka fito daga wasu makarantu. Ahn ɗan jami'ar ne, kuma almajirin Jeon Myung-kyu, mutumin da ya daɗe yana horar da tawagar ƙasa kuma ake ɗauka shi ne jagoran wancan ɓangare. Yawancin mazan tawagar suna ɗaya ɓangaren. Rabuwar ta kai ga Ahn yana atisaye tare da tawagar mata, a ƙarƙashin mai horar da su, yayin da sauran maza ke nasu daban.

Me ake faɗa a kai har haka? A Koriya ta Kudu lambar Olampik ba ado ba ce kawai. Wanda ya ci ta yana samun fansho na wata-wata har ƙarshen rayuwarsa. Namiji kuma, in ya ci kowace lamba a Olampik ko zinare a wasannin Asiya, ana ɗauke masa aikin soja na dole, wanda a lokacin yakan cinye kusan shekara biyu daga ƙuruciyar mutum. Ta wannan ƙofa ce Son Heung-min ya bi a 2018. Ga gwanaye da yawa, ga gurabe kaɗan, ga kuma wasan da abokin tawaga zai iya buɗe maka hanya ko ya rufe ta. Duk mai horarwa yana so yaransa su ne za su shiga.

Abin ya fito fili bayan gasar duniya ta Minneapolis a 2006. Ahn ya riƙe kambunsa, amma an soke shi a tseren mita 3000 bayan ya yi karo da ɗan tawagarsu. Da tawagar ta sauka a filin jirgin sama na Incheon, mahaifinsa ya tari wani babban jami'in hukumar zamiya ta ƙasar a gaban ƴan jarida, yana zargin cewa an haɗa baki don a hana ɗansa cin gasa. Daga ranar rikicin ɓangarori ya zama zancen gari.

Gwiwa

Ranar 16 ga watan Janairu na 2008, yana atisaye a sansanin horarwa na Taereung da ke Seoul, ya zame ya bugi shingen fili, ƙoƙon gwiwarsa ta hagu ya karye. An yi masa tiyata sau da dama cikin shekara guda da ƴan watanni. Gasar duniya ta wannan shekara, wadda aka yi a gida Koriya, ta wuce shi.

Ya dawo a watan Afrilu na 2009 don gasar tantance waɗanda za su je Olampik ta Vancouver, bai warke sosai ba, bai kuma samu gurbi ba. Tsarin Koriya ba ya duba tarihin mutum. Gasar tantancewa ce ke yanke hukunci, ko kai wane ne. Saboda haka mai zinare uku ya kalli wasannin 2010 daga gida, inda Lee Jung-su ya ci zinare biyu a tsere biyun da Ahn ya ci a Turin. Ƙasar ba ta ji rashinsa ba, kuma wannan shi ne ainihin matsalarsa.

Sai wata ta sake faɗo masa. Ƙungiyar da ke biyansa albashi ta ma'aikatar magajin garin Seongnam ce, wani birni kusa da Seoul. A 2010 birnin ya shiga matsalar bashi, sabon magajin gari ya sanar da dakatar da biyan wasu basussuka, kuma a ƙarshen shekara aka rusa yawancin ƙungiyoyin wasannin birnin, har da ta su Ahn. Magajin garin nan, Lee Jae-myung, shi ne ya zama shugaban Koriya ta Kudu a 2025. Ahn ya wayi gari ba ƙungiya, ba tawagar ƙasa. A watan Afrilu na 2011 ya sake gwada gasar tantancewa, ya zo na biyar, ana bukatar huɗu.

Zuwa Rasha

A daidai lokacin Rasha na shirin karɓar baƙuncin Olampik ta 2014 a Sochi, kuma ba ta da wani abin nunawa a tseren gajeren zagaye. Hukumar zamiya ta ƙasar, ƙarƙashin Alexei Kravtsov, ta gayyace shi, ta yi masa alƙawarin likitoci da albashi da wurin atisaye. Ya tafi a tsakiyar 2011, ya zauna a sansanin Novogorsk da ke wajen Mosko. A watan Disamba na shekarar shugaba Dmitry Medvedev ya sa hannu a kan takardar ba shi zama ɗan ƙasa. Ya zaɓi sunan Viktor saboda ma'anarsa ta nasara, da kuma girmama Viktor Tsoi, shahararren mawaƙin zamanin Tarayyar Sobiyet, wanda mahaifinsa jinin Koriya ne.

Dokar Koriya ta Kudu ba ta yarda babban mutum ya nemi takardar wata ƙasa da kansa ya kuma riƙe tata ba. Da ya zama ɗan Rasha, ya daina zama ɗan Koriya. Ahn ya sha cewa da farko ya zaci zai iya riƙe biyun. Masu sukarsa na nuni da cewa kafin ya kammala sauya ƙasa ya karɓi fanshonsa na lambobin Olampik a dunƙule, alamar ya san abin da zai biyo baya. A 2023 ya amsa cewa kuɗin ya ba da su sadaka ne gaba ɗaya. Dokar Olampik kuwa ba ta tare shi ba: tana bukatar shekara uku tsakanin ranar da mutum ya wakilci tsohuwar ƙasarsa da ranar da zai wakilci sabuwa, shi kuma rauni ya riga ya cika masa wannan wa'adi.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Francis Obikwelu ya ji rauni a gwiwa yana gudu da sunan Najeriya, ya ce hukumomi sun yi watsi da shi, ya karɓi takardar Fotugal a 2001, ya ci mata azurfa a mita 100 a Olampik ta Athens a 2004. Bambancin shi ne, Ahn bai bar ƙasa matalauciya zuwa mai arziki ba. Ya bar ƙasar da ta fi kowa iya wasan ne zuwa wadda ba ta iya ba, saboda a can ne kaɗai za a jira gwiwarsa ta warke.

Warkewar ta ɗauki lokaci. Shekararsa ta farko a Rasha ba ta yi armashi ba. Sai a kakar 2013 zuwa 2014 ya dawo yadda aka san shi, har ya zama zakaran Turai a birnin Dresden na Jamus wata guda kafin Sochi.

Sochi, Fabrairu 2014

Ranar 10 ga wata ya samu tagulla a mita 1500, bayan Charles Hamelin na Kanada da Han Tianyu na Sin. Ita ce lambar farko da aka ci a wannan fanni a ƙarƙashin tutar Rasha. Ranar 15 ya ci zinare a mita 1000, abokinsa Vladimir Grigorev ya zo na biyu, ɗan Koriya guda da ke cikin tseren kuma alƙalai suka soke shi. Ahn ya durƙusa ya sumbaci ƙanƙara, sannan ya zagaya fili da tutar Rasha. Ranar 21 ya ci mita 500, tseren da ya gagare shi a Turin: ya tashi a baya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya wuce Wu Dajing na Sin a zagayen ƙarshe. A daren nan kuma ya jagoranci Grigorev da Semen Elistratov da Ruslan Zakharov suka ci karɓa-karɓa. Zinare uku, tagulla ɗaya, daidai da abin da ya yi shekara takwas da suka wuce, yana da shekara 28 da gwiwar da aka yi wa aiki. Ya zama mutum na farko da ya ci zinare a duka tsere huɗu na maza. Wata guda bayan haka, a Montreal, ya zama zakaran duniya karo na shida.

Mazan Koriya kuwa ko lamba ɗaya ba su samu ba a wannan fanni a Sochi. A karɓa-karɓa sun faɗi tun a tseren kusa da na ƙarshe, kuma wanda ya faɗi ɗin Lee Ho-suk ne, abokin hamayyar Ahn na Turin.

Abin mamaki, fushin jama'a a Koriya bai sauka a kan Ahn ba. A kan hukumar zamiya ya sauka. Mutane da yawa sun yi ta murna da nasararsa a fili. Tun ana cikin wasannin shugaba Park Geun-hye ta nemi a binciki ko ɓangaranci da rashin adalci ne suka kori irin wannan gwani. Jeon Myung-kyu, wanda a lokacin shi ne mataimakin shugaban hukumar, ya yi murabus a watan Maris.

Labarin da ya bazu shi ne an kore shi, ya je ya ɗau fansa. Yana da daɗin ji, amma bai cika daidai ba. Ahn da bakinsa ya gaya wa ƴan jarida a Sochi cewa ɓangaranci ya kasance, amma ba shi ne babban dalilin tafiyarsa ba, so yake ya samu inda zai yi wasan da yake ƙauna cikin kwanciyar hankali. Kuma babu wanda ya hana shi shiga gasar tantancewa, ya shiga ya faɗi. A ganina laifin tsarin Koriya ya fi ƙarfi a wani wuri daban: ya tara gwanaye har ya saba da ganin kowa a matsayin wanda za a iya maye gurbinsa, saboda haka bai tanadi komai ba don zakaran da ya ji rauni. Wannan ba ya wanke hukumar. A 2010 bincike ya gano haɗin baki tsakanin wasu ƴan wasa a gasar tantancewar da aka yi kafin Vancouver, aka kuma dakatar da su.

Ƙofar PyeongChang

Olampik ta 2018 a Koriya ta Kudu za a yi ta, a PyeongChang, kuma Ahn ya so ya rufe aikinsa a can, a gaban mutanen da ya tashi a cikinsu. Amma kafin nan badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari ta Rasha ta fashe. Binciken lauyan Kanada Richard McLaren a 2016 ya nuna yadda aka yi ta musanya fitsarin gwaji a Sochi da sanin hukumomin ƙasar. A watan Disamba na 2017 Kwamitin Olampik na Duniya, CIO, ya dakatar da kwamitin Rasha, ya ce ƴan wasan da wani kwamiti na musamman ya tantance ne kaɗai za su je, ba tuta, ba taken ƙasa. Tsohuwar ministar wasanni ta Faransa, Valérie Fourneyron, ita ta jagoranci tantancewar.

Da jerin sunayen ya fito a watan Janairu, babu Viktor Ahn. Ba a taɓa kama shi da laifin shan ƙwaya ba, ba a karɓe masa ko ɗaya daga lambobin Sochi ba, ba a kuma bayyana wa duniya takamaiman dalilin cire shi ba. Ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban CIO, Thomas Bach, yana neman a gaya masa laifinsa. Ya kai ƙara kotun wasanni ta duniya, TAS, tare da wasu ƴan Rasha. Ranar 9 ga Fabrairu, sa'o'i kaɗan kafin bikin buɗe wasannin, kotun ta yi watsi da ƙarar, bisa hujjar cewa rashin gayyata ba hukunci ba ne. Fasfon da ya buɗe masa Sochi shi ya rufe masa PyeongChang.

Ya sanar da yin ritaya a watan Satumba na 2018, ya sake dawowa a 2019 har ya ci wasu lambobi a gasannin kofin duniya, sannan ya ajiye takalmi gaba ɗaya a watan Afrilu na 2020 saboda ciwon gwiwa. Tun daga lokacin Arianna Fontana ta Italiya ta wuce shi a yawan lambobin Olampik, ta kai 11 a 2022, amma ba ta kamo shi a zinare ba.

Mai horarwa a Sin, baƙo a gida

A 2020 ya karɓi aikin mai horarwa a tawagar ƙasar Sin, wadda ke shirin karɓar Olampik ta 2022 a Beijing, tare da wani ɗan Koriya, Kim Sun-tae, a matsayin babban koci. Sin ta ci zinare biyu. Ɗaya daga ciki, na Ren Ziwei a mita 1000, ya zo ne bayan alƙalai sun soke ƴan Koriya biyu, Hwang Dae-heon da Lee June-seo, a tseren kusa da na ƙarshe, sannan suka soke Shaolin Sandor Liu na Hangari wanda ya riga kowa kai wa layi a tseren ƙarshe. Koriyawa suka harzuƙa, kuma a wannan karo Ahn na cikin waɗanda fushin ya sauka a kansu. Kyamarori sun nuna shi yana murna da rigar Sin. Mutanen da suka tafa masa a 2014 da yawansu suka koma kiransa maci amana, zagin ya kai har kan iyalinsa a kafafen sada zumunta, sai da ya fito ya roƙi a bar su.

Ba shi kaɗai ba ne ya bi wannan hanya. Lim Hyo-jun, wanda ya ci wa Koriya zinare a mita 1500 a PyeongChang, yanzu sunansa Lin Xiaojun, da sunan Sin yake gudu. Shaolin Liu ɗin da aka soke a Beijing, shi da ƙanensa Shaoang, su ma sun bar Hangari sun koma Sin, ƙasar mahaifinsu.

Da kwantiraginsa ya ƙare, Ahn ya koma Koriya inda matarsa da ƴarsa suke. A watan Janairu na 2023 ya nemi aikin koci a ƙungiyar birnin Seongnam, wadda aka sake kafawa, ƙungiyar da rushewarta ta taimaka wajen tura shi Rasha. Wata ƙungiyar masu horar da zamiya ta fitar da sanarwar adawa da ɗaukarsa, tana tuno zancen fansho da aikinsa a Sin. Bai kai matakin ƙarshe na zaɓen ba. A watan Afrilu na shekarar an gan shi a gasar tantance tawagar ƙasa a Jincheon, a tsaye a bakin shinge, yana ba wasu matasa umarni a matsayin kocinsu na kansu.